Yankan takarda na ado da koyon tsara shafin intanet: amsa ga mai son haɗa biyun

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na kammala bautar ƙasa, kuma tun bara nake koyon tsara shafukan intanet. Na fara gane HTML (harshen gina shafi) da CSS (na yi masa tsari da ado), amma JavaScript (mai sa shafi ya amsa dannawa) yana ba ni wahala. Kwanakin baya na ga bidiyon wata mata tana yanka takarda da ƙaramar wuƙa tana fitar da furanni da zane iri-iri, abin ya shiga raina har na gwada da reza. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, wai taura biyu ba ta taunuwa, in tsaya a kan abin da zai samar mini aiki. Shin wannan sha'awar za ta janye ni daga karatuna, ko akwai abin da za ta ƙara mini? Idan zan ci gaba, da me zan fara?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, abubuwa biyu kike son a rarrabe miki. Na farko, ko lokacin da za ki ba wuƙa da takarda zai fita ne daga rabon karatunki har ya gurgunta shi. Na biyu, ko akwai alaƙa ta haƙiƙa tsakanin ayyukan biyu, ko kuwa zuciya ce kawai take neman hujjar abin da ta riga ta so. Tsara shafukan intanet sana'ata ce, ina kuma koyar da masu farawa, sannan yankan takarda yana cikin abin da nake yi da hannuna idan na tashi daga gaban kwamfuta, saboda haka amsata ta wanda yake zaune a ɓangarorin biyu ce. Ra'ayina shi ne ki ci gaba, amma ki san abin da za ki samu: takarda idonki za ta gyara, ba za ta koya miki kod, wato rubutun umarnin kwamfuta, ba, kuma wahalar da JavaScript yake ba ki tana nan daram ko da kin yanka furanni dubu. Damuwar yayanki tana da tushe, zan zo kanta.

Asalin abin da kika gani

Wannan sana'a tsohuwa ce. Tarihin ƙasar Sin ya jingina inganta haɗa takarda ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105 miladiyya, kuma mafi tsufan yankakkun takardun ado da suka rage zuwa yau an tono su ne a yankin Xinjiang, tun ƙarni na 6 suke. Har gobe Sinawa suna liƙa jar takarda yankakkiya a tagogi lokacin sabuwar shekararsu, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin jerin al'adun gado na bil'adama. A ƙauyukan Foland na ƙarni na 19 da almakashin aske gashin tumaki ake yanka ta a ƙawata bangon ɗaki. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya akwai gwanayen da suke yanko rubutun Larabci daga takarda su liƙa shi a kan wata mai launi daban. Masu rinin Japan kuwa suna yanka zane a takarda mai ƙarfi su ɗora a kan tufa, su shafa ƙullin shinkafa ta cikin hudojin kafin a rina, idan zanen ya yi siriri ƙwarai sai su ƙarfafa shi da zaren siliki don kada ya wargaje.

Mu ma tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ba a kan takarda muka saba yinsa ba. Baduku a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana huda fata ya fitar da zane, ya sa wata fatar mai launi daban a ƙarƙashi ta leƙo ta cikin hudar. Mai rubuta allon talla yana yanka kwali da reza ya fesa fenti ta cikin gurbin haruffa. Ke kanki kin san lallen salatif, inda ake yanka salatif a liƙa a ƙafa, a shafa lalle, idan aka ɓamɓare sai adon ya fito daga wurin da lallen bai taɓa ba. Duk wanda ya iya ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya san cewa abin da aka cire da abin da aka bari tare suke yin zane, kuma wannan shi ne darasin da na fi shan wahalar cusa wa ɗalibaina na tsara shafi.

Abin da wuƙa take koya wa ido

Mai farawa a tsara shafi yana tsoron fili. Da ya ga farin sarari a fuskar kwamfuta sai ya ji kamar aikinsa bai cika ba, ya ƙara hoto, ya ƙara launi, ya ƙara rubutu mai yawo, har mai ziyara ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ana iya yi masa bayanin margin da padding, wato sararin waje da na cikin kowane abu a shafi, sau goma, ya kuma rubuta su daidai a CSS, amma a zuciyarsa bai yarda cewa sararin ma aiki yake yi ba. Mai yankan takarda ba shi da wannan mafita, domin ba ya ƙara komai, cirewa kaɗai yake yi, kuma kowane gurbi da ya buɗe siffa ce mai nauyinta, dole ya auna ta kamar yadda yake auna takardar da ta rage. Bayan wasu watanni a haka, idan kika kalli shafi za ki fara ganin siffar sararin da ke tsakanin kanun magana da sakin layi, ki gane inda ya matse da inda ya yi yawa, tun kafin ki duba adadin da aka rubuta. Ki nemi tambarin kamfanin FedEx ki dubi tsakanin harafin E da x, akwai kibiya a wurin wadda ba a zana ta ba, sarari ne kawai aka bari ya yi siffarta. Irin wannan ganin ake nema, kuma hannu ya fi saurin koyar da shi a kan karatu.

Darasi na biyu ya fi zurfi. A yankan takarda komai sai ya kasance a haɗe da wani abu, in ba haka ba ya faɗi ƙasa. Ki gwada yanka harafin O a matsayin gurbi, za ki ga cikinsa ya zube ya bar miki rami kawai, sai in kin bar masa siririyar gada ɗaya ko biyu da za ta riƙe shi. Haka a, da d, da ɓ, da ɗ, duk masu ciki ne da ke buƙatar gada. Aikin da na fi son ba mai koyo a nan shi ne dagin Arewa. Ki zana shi, ki ɗauki igiyar dagin a matsayin abin da za a cire, sannan a kowace mahaɗa, inda igiya ɗaya take bi ta ƙarƙashin ɗaya, ki bar gada siririya a gefe da gefen wadda take sama. Idan kin gama ki ɗaga takardar zuwa haske, za ki ga gadojin nan sun yi aiki biyu lokaci guda: su ne suka riƙe tsibiran takardar da ke cikin dagin, kuma su ne suka nuna wa ido wace igiya ce a sama wace ce a ƙasa. Abin da ya riƙe ginin shi ne kuma ya ba da ma'anar.

Ba ina cewa gadar takarda daidai take da wani abu a HTML ba ne. Abin da yake ƙetarewa zuwa kwamfuta ɗabi'ar tambaya ce: wannan abin me yake riƙe da shi, na wane ne? Shafukan masu koyo cike suke da abubuwan da ke yawo ba uwa ba uba, madanni a tsakiyar fili ba a san wane fom yake aikawa ba, rubutun bayanin hoto ya yi nisa da hotonsa har ya fi kusa da na ƙasa, ƙaramin kai ya fi babban kai girma. HTML kansa gini ne na abu a cikin abu, kuma wanda ya saba tambayar abin da ke riƙe da kowane yanki tun kafin ya sa wuƙa, yakan rubuta shi da tsari mai ma'ana, wanda manhajar da ke karanta wa makafi shafi za ta iya bi.

Akwai kuma batun launi. Mafi yawan yankan farko launi biyu ne kawai, takarda da abin da ke bayanta, saboda haka ba ki da inda za ki ɓuya. Idan siffar ba ta fito ba, babu wani launi na uku da zai cece ta. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga kowa na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, waɗanda ake kira WCAG, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, babban rubutu kuma 3 bisa 1, alhali baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1. Wannan ba maganar littafi ba ce kawai ga wanda zai buɗe shafinki a waya mai araha, a tsaye a bakin titin Samaru da rana tsaka, domin rubutu ruwan toka a kan fari ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Ni nakan fara kowane shafi da baƙi da fari, sai tsarin ya tsaya da ƙafarsa sannan in kawo launi, kuma daga takarda na ɗauko wannan ɗabi'a. Wuƙa tana kuma hana cushe, domin ba ta yarda da ƙananan ƙawa da suka wuce kima, takardar yagewa take yi. Ƙananan alamomin da ake sa wa a shafi, irin na gida da kwando da ambulan, galibi a fili mai fiksel 24 tsawo da faɗi ake zana su (fiksel ɗan ɗigon haske ne a fuskar waya ko kwamfuta), kuma abin da wuƙa ta ƙi yanka yawanci shi ne abin da zai zama dishi-dishi a wannan girman.

A kwamfuta kina da Ctrl da Z, kina iya komawa baya sau ɗari, kuma wannan ni'ima ce, amma tana haifar da mai zane da ba ya yanke shawara, sai dai ya yi ta matsar da abu dama da hagu har dare. A takarda abin da aka yanke ya yanku. Dole ki zauna da fensir ki gama tunani tukuna. Masu tsara manhajoji sun daɗe da sanin amfanin wannan, shi ya sa suke gwada tsari a takarda kafin su rubuta layi ɗaya na kod. Ki yanka kwali daidai girman wayarki, ki yanka ƙananan murabba'ai a madadin hoto da kanun magana da madanni, ki jera su a kai ba tare da gam ba. Sai ki miƙa wa ƙanwarki ko wata maƙwabciya ki ce, a ce wannan shafin mai sayar da atamfa ne, nuna mini inda za ki taɓa ki ga farashi. Ki yi shiru ki kalli yatsanta. Idan ya tsaya yana shawagi a sama, tsarin ne bai fito ba, kuma gyaransa matsar da ɗan kwali ne, ba sake rubuta CSS na yini guda ba. A ganina wannan ita ce fa'ida mafi kusa da za ki samu daga almakashi, tun daga makon farko.

Inuwa ma tana da nata darasin. Lokacin da Google ya fitar da tsarin zanensa na Material Design a 2014, a kan tunanin takarda da tawada ya gina shi, kuma masu zanen sun yanka takardu na gaske sun jera su hawa-hawa suna haska musu fitila don su ga yadda inuwa take faɗuwa. Ki yi irin wannan da kanki: takarda uku, ki raba tsakaninsu da guntun kwali, ki ajiye kusa da taga. Za ki ga wadda ta kusa da ƙasa inuwarta siririya ce mai kaifi, wadda ta yi sama kuma inuwarta ta bazu ta yi laushi, kuma duka gefe ɗaya suka nufa. Daga ranar lambobin box-shadow, umarnin CSS mai sa inuwa, za su daina zama abin da kike kwafowa daga wani wuri.

Inda takarda take ƙarewa

A nan ne ya kamata in ja miki kunne, domin akwai abin da takarda za ta koya miki wanda kuskure ne a intanet. Takardar A4 milimita 210 ce da 297, jiya da yau da gobe. Shafin intanet ba shi da girma ɗaya. Wani zai buɗe shi a waya mai faɗin fiksel 360, wani a kwamfuta mai 1920, wani ya ƙara girman rubutu saboda idonsa, wani kuma hotunan ba za su sauko masa ba saboda raunin sabis. Tun da Ethan Marcotte ya yaɗa tunanin shafi mai daidaita kansa da kowace fuska a 2010, aikin mai tsarawa ya koma kafa dokokin yadda abubuwa za su miƙe, su tsuke, su sauko ƙarƙashin juna. Na lura cewa masu zuwa daga zanen hannu ko aikin maɗaba'a sukan so su kafe kowane abu a wuri ɗaya da adadin fiksel, sai shafin ya yi kyau a kwamfutarsu ya tarwatse a wayar kwastoma. Maganin wannan dabarun CSS ne na jera abubuwa daidai da faɗin fuska, wato flexbox da grid da media queries, kuma a gaban burauza kaɗai ake koyonsu, kina ja kina tsuke taga kina ganin abin da ya karye.

Haka nan yankakkiyar takarda kallonta ake yi, shafi kuwa amfani ake yi da shi. Ana dannawa, ana cike fom, ana yin kuskure, ana jiran amsa. Abin da zai faru idan mutum ya rubuta lambar waya ba daidai ba, ko sabis ya yanke ana tsakiyar biyan kuɗi, babu ruwan takarda da shi. JavaScript kuwa tunani ne na mataki-mataki, idan kaza ya faru a yi kaza, a maimaita kaza har sai kaza, kuma hanyarsa ɗaya ce: ki rubuta, ya ƙi aiki, ki karanta saƙon kuskuren, ki gyara. Darussan freeCodeCamp da bayanan MDN na Mozilla kyauta ne, sun kuma isa mai farawa.

Maganar yayanki

Haɗarin da ya hango gaskiya ne, ko da yake ba yawan ayyukan ne matsalar ba. Yankan takarda yana biyan mutum nan take, cikin awa ɗaya kin riƙe abu mai kyau a hannu, kowa ya gani ya yaba. JavaScript kuwa sai ki kwana biyu a kan kuskure ɗaya ba abin da za ki nuna wa kowa. Zuciya tana gudun na biyu zuwa na farko, tana kuma iya yi miki ado da cewa ai duk zane ne. Alamar da za ki riƙe ita ce lokacin da hannunki yake kai wa wuƙa. Idan bayan kin gama aikin ranar ne, hutu ne mai amfani. Idan kuwa duk sa'ad da kod ya cije ne, to gudu ne, kuma gara ki kulle kayan a durowa har ki warware matsalar.

Tsarin da nake ba ɗalibai shi ne karatu ya ɗauki lokacin da kai yake sabo kuma akwai wuta, takarda ta ɗauki abin da ya rage. Yanayinmu ma ya taimaka, domin idan an ɗauke wuta kuma cajin kwamfuta ya ƙare, hasken rana a bakin taga ya fi kowace fitila kyau ga yanka. Zama ɗaya ko biyu a mako ya isa ido ya ci gaba. Kada ki yi saurin mayar da shi kasuwanci, domin da kin fara karɓar odar katin biki, ya tashi daga sha'awa ya zama aiki na biyu mai wa'adi, kuma a nan ne karin maganar yayanki za ta tabbata. Ki kuma sani cewa mai ɗaukar aiki shafin da ke aiki zai duba, ba kyan furanninki ba.

Kada kuma ki ɗauka hutun ido ne. Yanka ma aikin kusa ne, yana gajiyar da ido da wuya da wuyan hannu kamar kwamfuta. Shawarar da masana ido suke bayarwa ta shafi duka biyun: bayan kowane minti 20 ki kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Idan ciwo ko dindiris a yatsu ya ƙi tafiya, wannan maganar likita ce, ba tawa ba. Batun zana masu rai kuma na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan iya ce miki daga ɓangaren sana'a shi ne ganyaye da furanni da taurari da zanen aska na babbar riga da zayyanar bangon gidajen Zariya sun ishi mutum aikin shekaru. Ki dai kiyaye kada ki yi gwaji a kan takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah.

Kayan farawa da yadda ake riƙe su

Ki ajiye rezar nan. Mai baki biyu ce, tana lanƙwasa, ba ta da mariƙi, kuma ita ce ta fi yanka masu farawa. Ki nemi wuƙar zane mai kama da biro, irin X-Acto, ko askar tiyata mai lamba 11 da mariƙinta mai lamba 3, wadda ake samu a shagunan kayan asibiti, ki sayi askar da yawa domin da sauri take dakushewa. Ki haɗa da rula ta ƙarfe, domin ta roba wuƙa cinye gefenta take yi, da fensir, da ƙaramin almakashi mai tsinin baki, da gam na sanda wanda ba ya jiƙa takarda. A ƙarƙashi ana son shimfiɗar roba ta yanka, idan ba ta samu ba kwali mai kauri zai yi, sai dai ki riƙa sauya shi, don tsofaffin layukan da ke jikinsa suna karkatar da wuƙa. Takardar ofis mai nauyin giram 80 ta isa gwaji, amma gadojinta ba su da ƙarfi. Tsakanin 120 zuwa 160 ne wurin da na fi jin daɗi, abin da ya haura 200 kuma yana gajiyar da yatsu. Injinan yanka irin Cricut da Silhouette ba naki ba ne yanzu, domin su za su yi aikin da kike son idonki da hannunki su koya.

Ki yi zanen a bayan takardar don kada fensir ya ɓata fuskar, ki tuna cewa rubutu a juye ake zana shi kamar a madubi. Ki fara da ƙananan gurabe na tsakiya ki fito waje, manyan yanka su zo ƙarshe, domin takarda tana rauni gwargwadon abin da aka cire mata. A kusurwa, ki kafa tsinin wuƙa a cikinta ki ja zuwa waje, ta haka ba za ki zarce ki yanke gada ba. A lanƙwasa, takardar ake juyawa, hannun yana nan inda yake. Yatsun ɗaya hannun su kasance a bayan wuƙa koyaushe, kada su tare mata hanya. Da kin ga gefen yanka ya fara gashi-gashi, askar ta mutu, ki sauya, domin dakusasshiya ce take sa a danna da ƙarfi har ta kuɓuce. Tsofaffin ki tara su a gwangwani mai murfi nesa da yara. Da damina takarda tana shan danshi ta yi laushi, wuƙa ta riƙa janta maimakon yanka, saboda haka ki adana ta a leda. Gadojinki na farko kada su gaza milimita 2.

Inda ayyukan biyu suke haɗuwa a fayil ɗaya

Akwai wuri guda da alaƙar ta wuce ta ido ta zama ta fasaha, wato SVG, tsarin hoto da W3C ta amince da shi tun 2001. Hoton SVG ba tarin ɗigo-ɗigo ba ne kamar wanda waya take ɗauka, bayanin layi ne: fara daga nan, miƙe zuwa can, lanƙwasa haka, rufe. Wannan ita ce hanyar da wuƙarki take bi. Lanƙwasar da ake amfani da ita tana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault da ya yi aiki da ita wajen tsara jikin motoci a shekarun 1960, kuma sirrinta ɗaya ne da na yanka: ƙarancin tsayawa shi ne santsin layi. Injin lesa mai huda katin biki da injin yanka sitika a shagunan buga takardu duk da irin wannan zanen layi suke aiki, don haka iya shi yana da kasuwa ko a wajen intanet.

Ga aikin da nake ba ki shawara ki sa a gaba. Ki yanka zane uku ko huɗu a baƙar takarda, ki ɗora kowanne a kan fara, ki ɗauki hoto daga sama tsaye da hasken rana. Ki buɗe a Inkscape, wadda kyauta ce, ki yi amfani da Trace Bitmap ta mayar miki da hoton zuwa layi, sannan ki zauna ki rage ɗigogin da suka yi yawa. Ki buɗe fayil ɗin a inda kike rubuta kod, za ki ga rubutu ne mai kama da HTML, kuma idan kin saka shi kai tsaye a cikin shafi za ki iya sauya launinsa da CSS. Ki gwada masa box-shadow, ki ga inuwar ta bi akwatin da ke kewaye da shi, sannan ki gwada ɗaya umarnin inuwar na CSS, drop-shadow na filter, ki ga ta bi kowace huda kamar ta takardar gaske.

Daga nan ki gina shafi ɗaya da zai nuna ayyukan, kuma a nan JavaScript zai shigo da dalili: madanni biyu, na gaba da na baya, da jerin hotuna, da lamba mai tuna wanda ake kallo, da sharaɗin abin da zai faru idan an kai na ƙarshe. Wannan ɗan aikin ya ƙunshi array (jerin abubuwa) da function (guntun kod mai yin aiki ɗaya) da sauraren dannawa, waɗanda su ne ƙashin bayan abin da yake ba ki wahala. Ki rubuta bayanin da Hausa, ki sa wa kowane hoto rubutun alt mai bayyana shi ga wanda ba ya ganinsa, ki tabbatar shafin yana kan UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan Hausa, kuma kin sa lang="ha" mai nuna harshen shafin. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai burauza ta aro su daga wani salon su fito daban a tsakiyar kalma, saboda haka ki zaɓi wanda yake da su, irin Noto Sans ko Andika. Hotunan da ba SVG ba ki rage nauyinsu ki mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, sannan ki buɗe shafin a waya mafi araha da ke gidanku, da data ba da Wi-Fi ba, ki ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka kafin hoton farko ya bayyana.